Babu Alƙasim a Allakaye

Na fara ganinsa ran Talata, 3 ga Oktoba 1967, a gidan waya na Buza inda nake akawu. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda muke ce ma mushe, a Allakaye, garin haihuwarsa. Ya ce yana karatun doka ta wasiƙa da wata jami'a a Faransa: su aiko darasi, ya rubuta amsa ya mayar. A rajista na rubuta Alƙasim Gali, yadda yake a takardarsa. Da ƙafarsa yake zuwa karɓar saƙo.

Ran 2 ga Afrilu 1968 tambayoyin ƙarshen shekara suka iso. A bayan ambulan an buga cewa duk amsar da hatiminta ya wuce 30 ga wata ba a karɓarta, shekara ta faɗi. Don in rage masa hanya na ba gardi Mamman, mai kai takardu ƙauyuka a kan raƙumi, ya kai masa.

Ran 25 Mamman ya gama zagaye ya dawo, ambulan na cikin jaka.

"Akawu, babu Alƙasim a Allakaye. Lakwal na hutu, kowa na tambaya sai ya ce bai san shi ba. Aka ce in gwada gidan marigayi Gali. Na ce ma tsohuwa, Inna, Alƙasim ɗanki na? Ta juya kai, ta ce in tambayi mutanen gari."

Sai a nan na gane. Ɗan fari ne, uwarsa Bafillatana, ba ta faɗin sunansa, ba ta amsa cewa nata ne a gaban baƙo. Mutanen gari kuwa da laƙabinsa Gajere suka san shi; na tuna na taɓa jin an kira shi haka.

Na aika da wannan sunan. Alƙasim ya iso ran 27, ya buɗe ambulan: tambayoyi huɗu, kowace aikin mako.

"Malam akawu, in na kai ɗaya ga wata, ba ka maida hatimi baya da kwana guda?"

"Ba ni yi, mushe. Ga tebur, ga tawada."

Ya zauna bayan kanta yana rubutu, gumi na ɗiga a takarda. Ran 30, biyar da rabi, ya miƙo amsa uku da rabin ta huɗu. Ni na liƙe masa ambulan, na buga hatimi.

Sakamako ya zo a Agusta: ya haye da ƙyar. Ya gama a 1971. Yanzu magatakarda ne a kotun Tawa, uwarsa na zaune a gidansa.