Baba Dauda ya ƙi faɗa musu harsashin

Ina cikin karyawa da safen nan matarsa ta kira ni: an tsinci gawar Baba Dauda a hanyar gonarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga wanda bai san shi ba, tsohon soja ne. Bayan ya yi ritaya daga barikin soja na Shadawanka, shi ya koya mana harbin takarda na gasa. Tsantseninsa har haushi yake ba ka. Ba ya haɗa harsashin kwali biyu ko da kamfani ɗaya ya yi su. Sai ka harba biyar daga wannan, biyar daga wancan, ya auna tazarar hujin da rula, ya rubuta a littafinsa. Mukan ce Baba ya fi mai zaɓen shinkafa.

Ranar da na sha kaye a gasa, ina ta zagin idona, ya miƙo min kwalin da ya ware wa kansa.

"Ba idonka ba ne, Sabo. Bindigarka ce ba ta son wancan."

Juma'ar da ta wuce na same shi a ƙofar gidansa a Ƙofar Wambai, babu fara'ar da na sani. Ya ce wasu mutum biyu sun zo masa har sau uku, suna tambayar wane harsashi ne ba ya kaucewa daga nesa sosai. Ba 'yan gasa ba ne, duk ya san 'yan gasa.

"Na ce musu ni takarda nake hudawa. Ɗayan ya yi murmushi, ya ce za su dawo."

Ya ba ni littafin ya ce kada ya sake kwana a gidansa. Ni kuwa na yi dariya, na ce tsufa ya sa Baba tsoro. Wallahi dariyar nan tana ci na.

Ɗazu wata baƙuwar lamba ta kira ni. Aka yi min ta'aziyya, sannan aka tambayi littafin.

Ku da kuka kira ni, in kuna karanta wannan, na kai littafin hannun hukuma tare da lambarku. Abin da ya hana ku, ba za ku samu a wurina ba.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya tona asirin duk mai hannu a ciki. Jama'a, don Allah ku sa shi a addu'a. Ku sa ni ma, domin tsoro nake ji.