Fentin da Bai Hau Kyamarar Mamuda Ba

Duk wanda ya taɓa kama giwan ruwa a Yelwa ya san Mamuda Mai Hoto. Ba a yanka kifin sai ya iso, kyamararsa mai ido biyu rataye a wuya. Ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama, ya ce, "Ɗaga wutsiyar, kada gobe a ce ƙarya kake!" Shekara ashirin da biyar yana haka a bakin ruwa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, masu hoto mai kala suka cika gari, kowa ya koma wurinsu. A daidai lokacin yanar ido ta fara rufe wa Mamuda gani. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma kada a bari ta daɗe. Mamuda ya kai wa Dauda mai situdiyo kyamarar ko zai saya, ya samu kuɗin aikin.

"Baba, wagga ai sa'ar kakata ce," in ji Dauda. "Ko busasshen kifi uku ba ta sayowa."

Ta koma akwati, ido na ta ƙara duhu. Ran nan aka ce wani dillali ya sauka daga Ikko yana sayen tsofaffin kyamarori, wai Turawa ke tara su. Mamuda ya shafa tasa, ya ji gefenta duk ya goge. Shi dai abin da ya sani, masunci ba ya sayar da kwalekwale sai ya shafe shi da fenti. Ya samo ragowar baƙin fenti wurin masu gyaran jirgi, ya ajiye bayan ƙofa.

Da safe ya lalubo gwangwanin, fayau. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Safiya! Mi ya sami fentina?"

"Au, Malam, ba na ƙyauren ɗakin girki ba ne? Tun bara kake alkawari."

"Kin shafe idona a ƙyaure!"

"To ƙyauren dai ya yi kyau, da kana gani."

Dillali zai tashi da hantsi, babu lokacin neman wani fenti. Mamuda ya naɗe kyamarar a ƙyalle ya tafi, yana ba da haƙuri tun daga zaure.

Mutumin ya juya ta, ya shafa inda ta goge. "Baba, ba a taɓa yi mata fenti ba?"

"Wallahi na yi niyya. Iyalina ce ta..."

"Allah ya saka mata da alheri! Jiya a Wara wani ya kawo irinta, ya shafe ta kamar jirgi. Ko kyauta ban karɓa ba. Tsufan nan shi ake saye."

Mamuda ya zauna daɓas a tabarma yana ta hamdala.

Da kuɗin kyamarar aka yi aikin idon a Sakkwato. Ranar da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya wuce ɗakin girki, ya tsaya gaban ƙyaure.

"Safiya, ashe ko fentin ba ki iya ba. Dubi yadda ya zuba."

"Ka gani?"

"Na gani," in ji shi. Bai matsa daga wurin ba.