Abin da na rufe a bayan allon talabijin

Ranar sunan ɗan Alhaji Bala tana cikin ranakun da ban taɓa mantawa da su ba. Ku da kuke koyon aikin wayar lantarki a hannuna, ku saurara, domin laifin nawa ne.

Alhaji Bala dillalin shanu ne a mayanka, yana haya a wani gida a Agege, ɗaki biyu da falo. Da matarsa Hajiya Ladi ta haihu, saura kwana uku suna, ya kira ni. Ya ce, "Malam Idi, dubi falon nan, wayoyi ko'ina, sai ka ce shagon gyaran rediyo. 'Yan'uwa za su zo daga gida. Ina so su ga bango da talabijin kawai."

Ɓoye waya hanya biyu ce. Ko a fasa bango a sa bututu a zura waya a shafe da siminti, ko a kafa allon katako, talabijin a gaba, wayoyi a baya. Mai gidan, wani tsohon Bayarabe, ya ce ba wanda zai fasa masa bango, sai muka tsaya a kan allo. Ƙa'idarsa ita ce a bar wa iska hanya sama da ƙasa, waya ta zama mai kauri, kuma babu haɗi a ciki. Duk na sani. Amma wayata mai kauri ta ƙare saura kaɗan, na yi ƙyuyar shiga motar danfo zuwa kasuwa cikin cunkoso. Na ƙarasa da siririya, na murɗa haɗin, na naɗe shi da tef. Na toshe ko'ina don aikin ya yi kyau a ido. Sannan na yi 'yar ƙofa a ƙasan allon, na ce wa Hajiya, "Ga ma'ajiya, duk tarkacen falo ki tura nan." Ta ji daɗi. Ta cusa tsofaffin jaridu da ledoji da littattafan yara.

Ranar suna, mu maza muna waje ƙarƙashin rumfa, mata sun cika falo, mai jego da jariri suna ɗakin ciki. Bayan azahar ƙanwar Hajiya ta leƙo ta ce talabijin yana ɗaukewa yana dawowa. Alhaji ya yi sallama ya shiga da ni. Sai na ga sun aro firiza don zoɓo, sun jona a soket ɗin gefen allon, ga kuma butar lantarki ta ruwan zafin mai jego. Duk a kan siririyar wayar nan. Na ɗora tafin hannu a katakon, na ji shi da zafi kamar murfin tukunya.

Alhaji ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Zafin talabijin ne, Alhaji. Haka suke yi."

Na zare butar kawai, na fito na zauna. Aka ajiye mini shinkafa, na kasa kai loma. Falon ƙofa ɗaya gare shi, tagogi duk ƙarfe ne, mai jego kuma ba ta da hanyar fita sai ta gaban allon. Ga dillalan da ke ba ni aiki zaune kewaye da ni, in na yi magana duk za su ji. Na yi kusan minti goma ina juya cokali. Waɗannan mintunan su ne har yau suke hana ni sakewa.

Da warin roba ya iso har rumfa, na tashi na je akwatin wutar gidan na zare fiyus. Fankoki suka tsaya. Alhaji ya ɗauka an ɗauke wuta ne, ya ce a tayar da janareto.

Na ce, "Kada a tayar. Ni na kashe. A fito da mata da jariri yanzu."

Bai tambaye ni dalili ba. Da kansa ya shiga ya fito da ɗansa a hannu, mata suka biyo shi suna neman takalma. Na sa guduma na ɓanɓare allon. Hayaƙi ya taso. Tef ya narke, ledoji sun manne da waya, gefen wata jarida ya riga ya kama da wuta. Na jawo su ƙasa na tattake.

Alhaji ya tsuguna ya daɗe yana kallon haɗin. Ya ce, "Ɗazu da ka taɓa, ka sani?"

"Na sani, Alhaji."

"Ka sani, ka fito ka zauna, ɗana yana ciki."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce in kwashe kayan aikina. Daga ranar bai sake kirana ba, abokansa ma haka, kuma ban ga laifinsu ba. Washegari na koma in gyara, Hajiya ta ce daga bayan labule sun riga sun sami wani.

Aikinmu, mai gida yana ganin katako da fenti ne kawai, sauran ya bar maka amana, ya kwantar da iyalinsa a gefensa. Shi ya sa ba na barin kowa cikinku ya rufe allo sai na kira mai gida ya leƙa bayansa da idonsa. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun lokacin da hannunku ya ji zafin.