Jan Maɗaurin Ofelia

Yayata Ofelia Archuleta ta yi shekara ashirin da shida tana naɗe laimar sauka a wani ɗan filin jirgi da ke gabas da garinmu, a New Mexico, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa dirowa daga sama ba. Ko tsani ba ta son hawa. In aka tsokane ta sai ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, nata shi ne ta ga mahaukata sun dawo gida cin abincin rana. Ni kuwa direba ne, ni ke bin su da mota cikin hamada ina kwaso su duk inda iska ta yar da su.

Kowane mai dirowa laima biyu yake goyawa, babba da ta ko-ta-kwana. Ta biyun ce aikin Ofelia. Wajen cusa ta a jaka akan ɗaure ta tamau da wani jan maɗauri, a zare shi kafin a rufe. In aka manta shi a ciki, laimar ba za ta buɗe ba har abada. Shi ya sa masu sana'ar suke ƙirga kayan aikinsu kafin su fara, su sake ƙirgawa in sun gama. Na Ofelia goma sha huɗu ne, kuma da ƙarfi take ƙirga su, ko da kowa a wurin ko babu.

Sai ga Harlan Teague, likitan haƙori, mutum mai mata da 'ya'ya da jika. Ya yi dirowa daga jirgi har ta gundure shi, ya ce yanzu da balan-balan zai hau ƙafa dubu ɗari, ya faɗo. Shekara uku yana shiri. Ni dai haushinsa nake ji, don ban ga abin da ya rasa a ƙasa ba.

Na taɓa ce masa, "Likita, wai me ka ajiye a can sama ne?"

Ya ce, "Nestor, kai da ko kujerar cire haƙori kake gudu, ina za ka gane? In na tsaya a bakin ƙofa zan faɗa, a nan kaɗai kaina yake yin shiru."

Ofelia ta ce, "Ka sayi audugar kunne mana, ta fi arha."

Jakarsa ta yi wa teburinta girma, don haka a rumfar jirage ta naɗe masa, a kan teburin wani tsoho abokin sana'arta, Dewey. Ina wurin ta ƙirga. Goma sha huɗu cif.

Gari na wayewa aka saki balan-balan, Harlan na zaune cikin kwandon ƙarfe, sanye da rigar da ta kumbura shi kamar buhun auduga. Ya kusa awa biyu yana hawa, muna jingine da motata muna cin tortila, wato gurasar masara, da koren barkono, sai ga Dewey da kofin kofi a hannu.

Ya ce wa Ofelia, "Uwar ɗaki, tun yaushe kika fara sata? Ba ni maɗaurina. Na bar shi kan tebur shekaranjiya, kin haɗa da naki."

Ofelia ta buɗe akwatinta. Jan maɗauri ɗaya ne a ciki, kuma sunan Dewey ne a jikinsa. Nasa ta ƙirga a madadin nata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba.

Ta ruga ɗakin rediyo, na bi ta. Ta karɓe abin magana daga hannun mai kula da shi.

"Likita, Ofelia ce. Kada ka diro. Ina jin na bar maɗauri a cikin ta ko-ta-kwana. Zauna a kwandon, a sauko da kai a cikinsa."

Muka ji numfashinsa a rediyo, sannan muryarsa.

"Kin tabbata yana ciki?"

"Ban tabbata ba."

"To ai shi ke nan. Babbar lafiyarta lau. Uwar ɗaki, da kin ga abin da nake gani. Ga rana ta fito sarai, amma sama baƙi ƙirin."

"Harlan, don girman Allah."

"Ku ajiye mini barkonona."

Muka shiga mota, na taka ta iya ƙarfinta, rediyo na tsakaninmu. Muka ji ya ce ya faɗa. Minti huɗu da wani abu ake yi kafin a buɗe laima, kuma ban san minti yana da tsawo haka ba. Can sai numfashinsa ya rikice, yana gurnani, mai kula da rediyo yana kiran sunansa ba amsa. Ofelia ta damƙe hannuna har farcenta ya shige. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi addu'a da baki ba, idonta na sama kawai. Ni na yi, duk wadda na iya.

Sai ga wani ɗan ɗigo fari da ja ya buɗe can nesa. Babbar ce.

Muka same shi zaune cikin ƙaya, ya cire hular kwanonsa, yana ta dariya kamar yaro.

"Ba na faɗa miki ba? Amma fa na sha juyi, kaina ya yi ta wulwulawa. Har na kama hannun buɗe ta ko-ta-kwana, saura ƙiris in yar da babbar in ja ta, sai abin ya daidaita."

Ofelia ta zagaya bayansa, ta miƙa hannu ta fizge hannun buɗe ta ko-ta-kwanan. Jakar ta buɗe, laimar ta faɗo ƙasa tim, a ɗaure tamau kamar damin itace.

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda saura ƙiris ya ja ta da shi.

Tun ranar Ofelia ba ta sake naɗe laima ba. Harlan ya zo gidanta sau uku yana roƙo, wai zai sake hawa, kuma ita kaɗai ya yarda da ita tunda ita ce ta faɗi gaskiya. Duk ukun tana ciki, tana jin sa, ba ta buɗe ƙofa ba.