Daga Maraɗi Zuwa Yamai Neman Ƙahon Rabi

Juma'a: Hanya

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fito gida, ni da ɗiyata Rabi. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Mushen kiɗa na makarantarsu, wato malaminsu, ya ce ranar Litinin zai rufe sunayen ƙungiyar masu busa, kuma duk wanda bai zo da ƙahonsa ba, wani za a ba wurinsa. Wanda Rabi ke koyo shi ne na tagulla, mai naɗi kamar gammo, suna ce masa kor. Shekara guda tana busa na aro a makaranta, ni ban taɓa ganin yadda take yi ba.

Kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta tashi biyar daidai. Mun yi sallah a Gidan Rumji, mun wuce Madawa da Ƙonni, jandarmomi sun duba katinmu sau uku. A Doso muka ci dambu da zogale. Huɗu da minti ashirin muka shiga Yamai, kilomita ɗari shida da sittin da ɗoriya. Ƙanena Sani, tela, ya tarbe mu, muka sauka gidansa a Yantala.

Asabar: Katako da Gamkalle

Takwas muna kasuwar Katako. Mun zaga awa biyu, bigila ɗaya tak muka gani, ita ma a lanƙwashe. Wani maƙerin tukwane ya tura mu Gamkalle wajen Baba Saini, tsohon mai busa na soja da ke gyaran irin waɗannan kaya.

Goma da rabi muka same shi a rumfa, bayan gadajen salati, kogi na gani. Ya gaishe mu da Zabarmanci, ya koma Hausa, ya fito da ƙaho uku. Ni nan take na nuna babban, mai sheƙi, mai madanni huɗu. Tsohon bai yi musu ba. Ya ce Rabi ta riƙe shi har shayi ya tafasa. Kafin ruwan ya yi zafi nauyinsa ya gajiyar da ita. Na biyun madanninsa na maƙalewa. Na ukun ba shi da nauyi, madanni uku ne, da ɗan lotsi a gefe. Ya ce wannan ne na ɗan koyo.

Ta kai shi baki. Sai na ga da hagu take danna madannan.

Na tsayar da ita. Na ce a gidana ba a miƙa abu da hagu, ba a karɓa da ita, don haka a kawo mana na dama, in babu mun fasa. Rabi ta sunkuyar da kai. Sani ya fara cewa, “Yaya, ai…” na ɗaga masa hannu.

Baba Saini ya ce tun yana kurtu bai taɓa ganin na dama ba. Sannan ya ce in duba inda hannun daman yake. Na duba, ashe yana cikin faffaɗan bakin ƙahon. Ya sa ta zare shi ta busa: ƙara ta fito tsaye, kamar odar kamiyon kaya. Ya sa ta mayar: murya ta yi laushi, ta bi saman ruwa, har masu ban ruwa suka miƙe daga gadajensu.

“Malam Idi,” in ji shi, “hagu lebura ce kawai. Dama ke riƙe da muryar.”

Na sa aka maimaita sau uku don in tabbata. Haka yake. Na ce a sa shi a akwati. Rabi ta durƙusa gabana ta ce, “Na gode, Baba,” Sani kuwa dariya har da riƙe ciki. Tsohon ya ba ta kwalbar mai, ya nuna mata yadda ake zubar da ruwan da ke taruwa ciki.

Lahadi: Gida

Biyar muka tashi. Kwambastan motar ya so ya jefa akwatin cikin kaya, na ƙi, a cinyata ya zauna har Maraɗi. Huɗu da rabi muka iso lafiya.

Litinin mushen ya saurare ta, ya rubuta sunanta. Na gode wa Allah, na gode wa Sani da iyalinsa, da Baba Saini. Na tsara mata lokacin busa: daga la'asar zuwa biyar da rabi, ba ƙari. Jiya ta kai shida saura kwata. Ina zaune a zaure da agogo a hannu, na bar ta ta ci gaba.