Maganin Ƙarin Jinin da Na Ba Yayana

Ni ne malamin asibiti na farko a zuriyarmu, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai nake ba da magani a Haɗeja. In na sa farar rigar nan na ratsa kasuwa, har dattawa likita suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

A lokacin ne wani likita ya zo daga asibitin jami'a, yana binciken ciwon hanta. Mutum ne mara yawan magana, kullum yana sunkuye a kan madubinsa na duba ƙwayoyin cuta. Aka haɗa ni da shi ina riƙe masa kayan aiki.

Yayana masunci ne a fadamar Kirikasamma. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kifin bandarsa na yi karatu. Wata damina aka kawo shi cikin kwalekwale har bakin hanya, ciki ya kumbura, fata ta yi duhu kamar gindin tukunya. Likita ya duba shi kwana da kwanaki, sannan ya kira ni.

"Malam, sinadarin ƙarfe ne ya taru a jikin yayanka, yana cin hantarsa. Maganinsa a riƙa ɗibar masa jini duk mako. Kuma kada ya kusanci maganin ƙarin jini, ƙarfen ne a cikinsa, guba ne a wurinsa."

Na ce to, amma a zuci cewa na yi, kai jama'a! Mutum ko tsayuwa ba ya iyawa, a ce jininsa za a rage? Mu a nan, in mutum ya rame, jini ne ya yi masa ƙaranci, ko yaro ya san wannan.

Yaya kuwa bai damu ba. Dariya ma ya yi. "Ashe ƙaho ne. Da ka faɗa mini tun a gida, ai da wanzaminmu ya hutar da mu tafiya."

Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta kasa haƙuri. Ranar da ta ga jininsa a kwalba ta ja ni gefe. "Kana tsaye ana tatse ɗan'uwanka? Ina amfanin bokon naka? Magani yana hannunka, ka hana shi?"

Ba zan ɗora wa Inna ba, Allah ya ji ƙanta. Ita ba ta ji abin da likita ya ce ba, ni na ji. So nake a ce ni na warkar da shi. Na ɗauko maganin ƙarin jini mai ruwa, na juye a gorar fura, na ce ya riƙa sha safe da yamma, kada ya gaya wa kowa.

"Likita ya sani?" in ji Yaya.

"Yaya, ni ma ai aikina ne."

"Shi ke nan, ƙanena. Kai ka yi karatu."

Wata da watanni likita yana ɗiba, ni ina mayarwa. Ina ganinsa yana maimaita awo, yana dafe kai, yana cewa bai gane abin da ya sa jikin ya ƙi sauƙi ba. Sau ɗaya ya dube ni kamar zai yi tambaya, sai ya fasa. Kafin ruwa ya janye daga fadama Yaya ya rasu. Wataƙila da ma kwanansa ya ƙare, ban sani ba. Abin da na zuba a gorar nan dai na sani. Likita ya zo gaisuwa, ya tsuguna gaban Inna yana ba ta haƙuri, ina tsaye ina kallo.

Likita ya koma jami'a, sunansa ya yi nisa. Duk likitan da aka turo mana, in an zo maganar hanta, shi yake ambata.

Zamanin da kuɗin man fetur suka shigo aka kawo mana wani matashin likita, ɗalibinsa. Na lura ba ya sallamar mara lafiya sai ya tambaye shi, "Baba, me kake sha a gida? Wa ya ba ka?" Har ya gundure ni. Ran nan na ce masa, "Likita, wannan tambaya taka ba ta ƙarewa?"

Ya ce, "Malaminmu ne ya dasa mana ita. Duk ajin da ya koyar sai ya ba su labarin wani masunci da ya mutu a hannunsa a garin nan. Ya ce daga baya ya gane lallai akwai abin da mutumin yake sha, shi kuma bai tambaya ba, don ɗan'uwan mara lafiyar abokin aikinsa ne, ya ji nauyinsa. Har yau cewa yake laifinsa ne. Malam, kai da ka daɗe a nan, ka san masuncin?"

Na ajiye tiren allurar da ke hannuna. Mutumin da ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya sha abin da na ba shi don na yi karatu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, masunta ai suna da yawa a ƙasar nan."