Malama Mai Igiya da Yarinyar da Ta Ƙi Komawa Layi

Kullum da safe, kafin maigadi ya gama kurɓar shayinsa, Malama Mai Igiya ta riga ta shige makaranta. Jaka ɗaya ce a kafaɗarta. A ciki akwai alli, da tsumman goge allo, da igiya biyu irin na shanya, ja da shuɗiya, waɗanda suka ba ta sunan da ya shafe na yanka. Ba ta biyawa ta ɗakin malamai, inda ake gaisuwa da gulma. Ajinta take wucewa, ta ture tebura da bencina jikin bango, ta share ƙasa da kanta. Sai ta shimfiɗa jar igiya daga ƙofa zuwa taga, shuɗiyar kuma daga bayan aji zuwa gindin allo, su gitta juna a kan tayil. Sannan ta zauna ta jira yara.

Maigadin ya ce tun yana da baƙin gashi take ture bencinan nan. "Na taɓa cewa bari in taya ta," in ji shi, "sai ta ba ni lamba, ta ce in je in tsaya a wurina. Tun daga ranar daga nesa nake gaishe ta."

Ni ba mai yabon mutane ba ne. A maɗaba'a na yi aiki, ina gyaran rubutun wasu har ido ya gaji, kuma wanda ya ci abinci da neman kuskure ba ya dainawa don ya yi ritaya. Na karanta yabon manya da yawa kafin a buga shi, galibi waƙafi ne kaɗai ke zaune a kan gaskiya. To yau ga ni ina yabo, kuma abin da ya fi ɗaure min kai, ina yabon mace ne a kan ilimin da har yanzu ban gane shi ba.

Aljabara suke kiransa. Haruffa ne suka baro inda aka san su, suka kutsa cikin lambobi. A ce maka ga x, ka ce nawa ne, a ce ai shi ake nema. Ka nemo shi da gumi, ya fito uku, ka juya shafi, a ce yanzu bakwai ne. Na karanta tarihi, na karanta falsafa, ban gamu da mai sauya magana irin x ba, in ban da ɗana.

Ga yadda abin ya same ni. Jikata, 'yar ɗana, a hannunmu take tun yaye. Marigayiya matata ce ke zama da ita a kan aikin gida, ni ina gefe da littafina, ina ba da shawarar da ba a nema ba. Da matata ta rasu, yarinyar ta faɗi lissafi. Ubanta, mai shagon kayan gyaran mota a wani gari mai nisa, ya zo ya dubi takardar sakamako kamar yana duban fasasshen inji.

"Baba, karatun nan bai karɓe ta ba. In ta sake faɗuwa wannan zangon zan ɗauke ta, ta zauna min a shago. Kai ma ka huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Ba sai an ce ba."

Ke nan ita za ta rasa makaranta, ni kuma a bar ni da agogon bango muna kallon juna. A wannan zangon ne aka kai ajinsu hannun Malama Mai Igiya.

Wata rana da yamma na ga jikata ta kwance igiyoyin shanyarmu biyu ta shigo da su falo.

"Tsoho, tashi. Malama ta ce kowa ya nemo mutum a gida ya tsayar."

Ta soma ture kujeru. Da ta kai kan kujerar kakarta, wadda ba a gusar da ita ba tun ranar da aka fita da mai ita, na ce kar ta taɓa. Ta dube ni, ta dubi kujerar. Sai ta durƙusa ta zura igiyoyin ta ƙarƙashi, suka gitta juna daidai tsakanin ƙafafun kujerar.

"To ta zauna. Ita ce sifili. Daga wajenta ake fara ƙirga komai."

Na nemi abin gyarawa a wannan jimlar, ban samu ba.

Ta zana jadawali a takarda, layi biyu: a sama lambar da aka ba ka, a ƙasa abin da ta zama bayan ka ninka ta biyu ka ƙara ɗaya. Ta ce ni ne ɗaya, in matsa tayil ɗaya dama, in yi uku gaba. Ta ajiye takalmi inda na tsaya. Sai kuma na zama biyu, na matsa biyu dama, biyar gaba. Haka ta yi ta jan ni kamar tsohon kabad har takalman gidan suka ƙare.

"Ka gani?"

"Na ga takalma."

"Layi ne, Tsoho. Miƙaƙƙe. Shi ne giraf, zanen lissafi."

"To sai me?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Wannan "sai me" ne ya kai ni makaranta. Na tarar da Malama tana gyara bakin igiya da ƙafa. Na gaya mata sharaɗin ɗana, na tambaye ta ko yarinyar za ta ci.

"Ban sani ba, Baba."

"Ke ce fa malamar."

"Shi ya sa ba zan yi maka ƙarya ba. Zauna can, amma ka ɗauke ƙafarka daga kan igiyata."

Yadda take aiki shi ne, ta rubuta lissafi a allo, ta raba wa yara lambobi, kowa ya lissafa nasa, ya cika gurbinsa a jadawali, ya je ya tsaya a kan tayil ɗinsa. In duk sun yi daidai, sai ka ga layi ya fito da jikin mutane. Wanda ya yi kuskure ba ta ce masa komai, da kansa zai ga ya fita daga jerin. Wannan kam na gane shi, don da haka ne muke gane harafin da ya zame a shafi a maɗaba'a.

Amma yara ba wawaye ba ne. Sun lura kullum amsar miƙaƙƙen layi ce, sai suka daina wahalar da kansu. Biyun farko su yi lissafi su tsaya, sauran su leƙa su jeru a bayansu, fuska a ɗaure kamar waɗanda suka sha tunani. Malama ta san haka, ta ƙyale su har ranar da na je.

A ranar ta ce kowa ya ninka lambarsa da kanta. Mai sifili ya tsaya a mahaɗar igiya. Mai ɗaya ya matsa ɗaya dama, ɗaya gaba. Mai biyu ya leƙa ya bi sahu, mai huɗu da mai biyar suka bi, layi ya fito tsaf, abin sha'awa. Sai gurbin mai uku ya zama wayam. Jikata ce mai uku. Tana can gindin allo ita kaɗai, tana motsa baki.

"Ke, dawo, kin ɓata mana layi," in ji wani yaro.

"Ko kakanki ne ya koya miki?"

Aka yi dariya. Ta waiwayo ta dube ni, ni kuma na yi mata alama da hannu ta koma cikin 'yan'uwanta. Me kuke so in yi? Duk rayuwata abin da ya fita daga layi jan biro nake sa masa.

Malama ko murmushi ba ta yi ba.

"Ke, wa ya kai ki can?"

"Uku sau uku, Malama."

"Nawa?"

"Tara."

"Kin tabbata? Ga shi kowa ya bar ki."

Ƙafar yarinyar ba ta motsa ba. "Na ƙirga, Malama. Nan ne wurina."

Malama ta juya kan mai biyu. "Kai fa, biyu sau biyu?"

"Huɗu."

"A kan tayil na nawa kake?"

Ya sunkuya ya duba. "Na biyu."

"Wa ya ajiye ka nan?"

"Layi, Malama."

Ɗaya bayan ɗaya suka koma kan takardunsu, suka soma matsawa. Mai huɗu ya yi ta ƙirga tayil har goshinsa ya taɓa allo, ya ce, "Malama, nawa wurin yana cikin ofishin shugaba." Ta ce to ya je ya gaishe shi. Da suka gama, layin ya lanƙwashe ya yi sama kamar gefen kwano, kuma ya bi ta kan ƙafar jikata, wadda ba ta gusa ko taku ɗaya ba.

Bayan an tashi na tambayi Malama dalilin da wancan ya miƙe wannan ya lanƙwashe. Ta yi min bayani, ta sake yi a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya magana. Na gyaɗa kai saboda kunya. Har yau ban san dalilin ba. Ban kuma san yadda aka yi ta san yarinyar za ta tsaya ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi ba ta sani ba, ta dai ga ita kaɗai ce har yanzu ke motsa baki kafin ta motsa ƙafa.

Daga baya na gane ba ranar na fara cin moriyar igiyar nan ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta kula da matata a asibiti, ashe tsohuwar ɗalibar Malama ce. Akwai wata takarda da ake ratayewa a ƙarshen gado, mai zane yana hawa yana sauka. Ni, mai karatu, kullum ina kallonta kamar zanen ƙafar kaza. Wata safiya ma'aikaciyar ta tsaya a kanta, ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, ka kira ɗanka ya taho yau, kar ya bari sai gobe." Ya taho, ya same ta da rai, sun yi magana. Da na haɗu da ma'aikaciyar kwanan baya na ambaci Malama, sai ta yi dariya ta ce duk sanda ta dubi irin takardar nan, kanta take gani a tsaye a kan tayil.

Malama, ke ce mai igiya biyu da ba ki taɓa ɗaure kowa da su ba. Ke ce kika ga yara sun koyi bin sahu, abin da manya da yawa suka mayar sana'a, kika ƙi karɓa daga gare su ko da yake layin yana fitowa da kyau, kuma duk baƙon da ya leƙo zai yaba. Da kin yi shiru babu mai kama ki. Na san mutane da yawa da suka yi shirun, na gyara musu rubutun jawabin bankwana.

Sakamako ya fito. Jikata ta ci, ba da wani rinjaye ba, ta dai haye. Ubanta ya zo da mota, ya riƙe takardar yana juya ta.

"Wannan ai da ƙyar ne, Baba. Ci da ƙyar da faɗuwa duk ɗaya ne. Ke, haɗa kayanki."

Yarinyar tana tsaye jikin kujerar kakarta, hannunta a kan mariƙin.

"Abba, kai ka ce in na faɗi. Ban faɗi ba. Na ƙirga, nan ne wurina."

Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya daɗe yana duban kujerar. Sai ya juyo kaina.

"Kai ka koya mata wannan?"

"Ni da ban san x ba?"

Ya ci abincin rana, ya gyara mana famfon banɗaki da ba wanda ya roƙe shi, ya tafi shi kaɗai.

Ƙarshen wannan zangon Malama za ta ajiye aiki. Shugaban makaranta ya sanar, cikin alfahari, cewa an kawo sababbin tebura na ƙarfe da za a kafe su a ƙasa da ƙusa, ba mai iya ture su. Ban san ko ya ji abin da ya faɗa ba. Malama ta miƙa igiyoyinta ga matashin malamin da zai gaje ta. Ya riƙe su kamar an ba shi maciji, ya ce to a ina zai shimfiɗa. Ta ce akwai fili a waje. Ya ce filin ba shi da tayil. Ta ce, "Alli ya ƙare ne?"

Gare ka nake magana, ɗan samari, da duk mai tsayawa gaban yara da alli a hannu. Ku fita filin. In layi ya fito muku da kyau fiye da kima, ku tambayi kowane yaro wa ya ajiye shi nan. Ku kuma iyaye da kakanni, in an ce ku tashi ku tsaya, ku tashi, ko da ba ku gane ba. Ni shaida ne cewa rashin ganewa ba ya kisa.

Malama Mai Igiya, na gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da abin da ya fi takardar yabon da za su ba ki, wadda na riga na ga kuskure biyu a cikinta. Igiyoyin shanyarmu har yanzu suna falo, a ƙarƙashin kujera, kayan wanki kuma a kan ƙofa muke shanya su. Ban san nawa ne x ba, kuma na fid da rai. Amma in yamma ta yi, akwai mai buɗe ƙofar gidan nan, ta jefar da jaka, ta ce, "Tsoho, tashi, yau kai ne uku."